Gidan Zanzaro a Hancin Bindiga

Jawyang ya ɗaga hancin bindigar sama, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta baya, bai ga haske ba. Ya sauya ido, nan ma duhu. Da ya juyo bakin ya duba, sai ya ga an toshe ramin da jar ƙasa, an shafe ta sumul kamar aikin mai ginin tukunya.

Yana zaune ne a kan tabarma a gindin maɗaci, gaban ɗakin gadi na Mayo Lidde, inda shi da abokin aikinsa Hamadiko suke tsaron wannan gefe na gandun daji. Ya riga ya cire gidan harsashi, ya tabbatar babu kome a ciki, ya kwance bindigar ya jera ƙarafanta a kan farin buhu yadda ya saba: murfi, sifirin, sakata, kowanne da wurinsa. A gefe ga gwangwanin mai, ga kwalbar kananzir, ga tsohon buroshin haƙori da tsummoki da dogon tsinken ƙarfe. Tsohuwar bindiga ce tun ta zamanin Faransa, irin wadda duk jan kunama harsashi ɗaya ne, ita kuma ta ɗora wa kanta na gaba. Ta girme Hamadiko nesa ba kusa ba. Duk ranar Asabar Jawyang yake yi mata wanka, sai wannan karon da ƙaya ta soke shi a dunduniya, ƙafar ta kumbura, ya yi makonni a kwance, ita kuwa tana rataye a bango cikin tsakiyar damina.

"Maipa!" ya kira matarsa. "Ina tsumman da nake toshe bakin nan da shi?"

Maipa ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Wannan baƙin abin mai ɗoyi? Na wanke shi. Yana kan igiya tun ranar da ka kwanta."

"Kin wanke shi."

"To da sai in bar shi yana ɗigar da baƙin mai a bango? Me ya faru?"

Ya miƙa mata bakin bindigar. Ta matso ta sunkuya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta jingine muciyar a jikin bishiya, ta rage murya.

"Zanzaro ne. Baban Odil, kada ka taɓa."

Ya san abin da za ta ce tun kafin ta faɗa. A gidan su Maipa, can ƙasar Tupuri, kakarta ta bar musu magana: idan zanzaro ya yi gini a gidan da ke da mai ciki, taya ta ya zo yi, ba a fasa ginin sai ɗan zanzaron da ke ciki ya huda ya fita da kansa. Wanda ya fasa, cikin ya fasa. Ga shi kuwa 'yarsu Odil tana ɗaki a kwance da tsohon ciki. Sau biyu tana ɗauka a Garwa yana zubewa, shi ya sa wannan karon mijinta, direban babbar mota da ba ya kwana gida, ya kawo ta wurin uwarta.

"Yau Madam shugabar gandu za ta zo duba makamai," in ji Jawyang. "Da la'asar. Kin ji rediyo jiya."

"Na ji."

"Kin kuma san abin da ya sami Dangmo."

Kowa ya sani. Dangmo mai gadin mashigar yamma, tsatsa aka samu a cikin bindigarsa a watan jiya. Aka karɓe ta, aka sallame shi, aka ce ya kwashe kayansa daga gidan gwamnati. An gan shi a bakin titi zaune a kan katifa da awaki biyu yana jiran mota. Ɗakunan da su Jawyang suke ciki, bayan ɗakin gadi, su ma na gwamnati ne, kuma ba shi da ko bukka a wani wuri. Ritayarsa saura kaɗan.

"Duk bangon gidan nan," ya ce, "ga bayan ƙofa, ga ƙarƙashin gado, ga tsohon takalmina da ba na sawa. Bai ga wurin gini ba sai nan."

"Shi ya zaɓa," in ji Maipa. Ta ɗauki muciyarta ta koma, amma ba ta shiga madafar ba, ta tsaya a bakin ƙofa inda za ta riƙa ganin hannunsa.

Hamadiko ya dawo daga rafi da buta, yana sakace. Dogon Bafillace ne mai kunnuwa kamar faifai, wanda ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya karɓi hancin bindigar ya leƙa, ya fashe da dariya har butar ta tuntsure.

"Tsoho, ashe ka fara ba da haya? Nawa yake biya a wata?"

"Ɗan nagge, ba wasa nake yi ba."

"To harba ta sama mana, ta share kanta."

"Don ka gaji takalmina ko? Na ga yadda kake kallonsa."

"Wannan takalmin da ke warin burkutu? Ko kura ba ta ɗauka." Hamadiko ya tsuguna, ya dubi Maipa, ya ga fuskarta, sai dariyar ta ragu. Da aka gaya masa maganar kaka, ya sosa ƙeya. "Uwargida, to ni in fasa. Ni ba Batupure ba ne, zanzaro bai san sunana ba. Matata ma tana can garin Ray, ba ta da kome sai faɗa."

"In ka fasa da saninsa, shi ya fasa," in ji Maipa.

"To ya tafi bayan gida, ya daɗe."

"Ya riga ya ji ka."

Hamadiko ya watsa hannuwa. "Kakar nan taku ba ta bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba. Da alƙali aka yi ta."

Jawyang ya ajiye hancin a gefe, bakin yana kallon sama, ya tallafe shi da dutse. Ya shiga aikin sauran. Ya tsoma buroshi a kananzir ya bi sakata lungu-lungu, baƙin datti yana fita yana ɗiga a kan buhu. Ya ware sifirin ya goge shi zagaye bayan zagaye. A ƙarƙashin murfi tsatsa ta fara fitowa ja-ja kamar ƙuraje, ya murje ta da tsumma har ta ɓace. Sai mai. Shi dai bai yarda da mai da yawa ba, yakan ce bindiga mai naso yashi take kira. Ɗigo ɗaya yake sa wa a yatsa, ya shafa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ya bi da busasshen tsumma, har sai wurin ya yi sheƙi ba tare da ya jiƙa hannu ba. Hannuwansa sun san aikin, ba sa bukatarsa, saboda haka hankalinsa ya tafi yawo.

Ya taɓa samun ƙwan tsaka a cikin rediyon sansani, farare guda-guda, a manne kusa da batir inda ɗumi yake. Ya taɓa ganin kwaɗo ya shekara a cikin tsohuwar taya. Su waɗannan ba ruwansu da abin da aka ƙera abu dominsa, rami kawai suke gani. Ya san yadda zanzaro yake yi, don ya sha zama ya kalla a lokacin gadi. Yakan kamo ƙananan tsutsotsin ganye ya harbe su, ba su mutu ba, ba su kuma farka ba, ya cusa su a ɗaki, ya saka ƙwai, ya rufe ƙofa ya tafi abinsa. Ɗan ya ƙyanƙyashe cikin duhu ya tarar da abinci a ajiye, bai taɓa ganin wanda ya ajiye ba.

Yana cikin wannan sai ga mai ginin ya iso, baƙi, siririn ƙugu, da ɗan dunƙulen laka a bakinsa. Ya shige ɗakin gadi ta taga, ya je daidai ƙusar da bindigar take rataye, ya tsaya a iska yana jujjuyawa. Ya fita, ya sake dawowa. Maipa tana kallo daga bakin madafa.

Wajen hantsi Odil ta fito, hannu ɗaya a ƙugu, ta zauna a kan turmin da aka kifa. Ta yi makaranta, tana da ɗan shago a Garwa inda take sayar da katin waya, kuma tun tana ƙarama ba ta iya rage murya.

"Ina jin ku tun ɗazu. Baba, fasa abinka."

"Shiga ciki ki kwanta," in ji uwarta.

"Mama, an ɗora mini na'urar duba ciki a asibiti, na ga ɗan da idona, har yatsunsa. Likita ta ce lafiya lau. Ƙwaro ne fa. Saboda ƙwaro za a fitar da mu titi? A ina zan haihu, a kan katifa kusa da awaki?"

"Waɗancan biyun ma an ɗora miki na'urar."

Odil ta kau da kai. Hamadiko ya tashi ya ce bari ya je ya duba igiyar tuta.

"Fasa, Baba," ta sake cewa, a hankali. Ta kalli hancin bindigar da ke jingine a dutse. "Akwai abu a ciki ne? Yana motsi?"

"Ban sani ba, 'yata."

Ta miƙe da ƙyar. Maimakon ta koma ɗaki, sai ta zagaya bayan gida, inda ba a hango gindin maɗaci. Da aka sauke tuwo uwarta ta kai mata can, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi.

Jawyang ya ɗauki hancin ya kara a kunne. Ba ya jin kome sai irin ƙugin da ake ji a bakin tulu. Ya ɗauki tsinken ƙarfe, ya auna shi a jikin hancin daga waje, ya ajiye. Ya goge katakon gindin bindigar da mai har zanen itacen ya fito. Daga nan ya harhaɗa ta, kowane ƙarfe ya koma mazauninsa da ƙara mai daɗi, ya ja sakata ta tafi ta dawo sumul. In daga nesa ne, babu bindigar da ta kai ta kyau a duk gandun. Ya yi wanka, ya sa kakinsa, ya yi zanzaro da rigar, ya cusa kumburarriyar ƙafar a takalmi yana cije baki.

Motar ta iso da la'asar, taɓo har gilashi. Madam Eyenga, shugabar gandun, 'yar kudu ce, gajera, mai tabarau, ba ta da yawan gaisuwa. Su biyu suka ƙame suka sara mata. Ta fara da ta Hamadiko, ta buɗe, ta leƙa, ta shafa yatsa a ciki ta duba yatsan.

"Mai ya yi yawa. Miya kake dafawa?"

"A'a, Madam."

"Rage shi."

Ta karɓi ta Jawyang. Ta juya ta, ta ja sakata, ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗaga ta sama ta leƙa. Ta cire tabarau ta sake leƙawa. Ta juyo bakin.

"Mene ne wannan?"

"Zanzaro ne, Madam. Na kwanta ciwon ƙafa."

"Yaushe ka gani?"

"Da safe."

"Tun safe. Ka goge katako har yana ɗaukar ido, ka bar wannan." Ba ta ɗaga murya ba. "Jawyang, ka girme ni a aikin nan. Ka san abin da zai faru in masu farautar sata suka ɓullo yau ka ja kunama."

"Na sani, Madam."

Maipa ta matso har gefen mota, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi magana da Fillanci, wanda Madam take ji kaɗan-kaɗan. Ta faɗi maganar kaka, ta nuna Odil, wadda ta fito ta tsaya a kusurwar gida tana dafe da bango.

"Madam, ke ma mace ce. 'Yan kwanaki kawai, ya fita da kansa."

Madam Eyenga ta kalli Odil, ta daɗe, sannan ta mai da tabaranta.

"Mama, a bayan motar nan na taɓa ɗaukar mutum zuwa asibiti. Hancin bindigarsa ya tsage kamar kara, ƙasa 'yar wannan ce ta toshe shi. Ni na je na gaya wa matarsa. Ba na so in zo in gaya miki." Ta miƙa wa Jawyang bindigar. "Rashin lafiya ka yi, na yarda. Ka share ta yanzu a gabana, magana ta ƙare. In ba haka ba, sa ta a mota, kai ma ka san sauran."

Direba ya kashe injin. Can cikin daji gwaggon biri ya yi haushi sau ɗaya.

Jawyang ya koma kan tabarma ya durƙusa, ƙafar tana zogi. Ya cire murfi, ya zare sifirin da sakata, ya jera su a kan buhu. Ya ce wa Hamadiko ya riƙe masa gindin. Ya zura tsinken ta baya da hannun dama, a hankali, ya tara tafin hagu a bakin bindigar ya rufe shi ruf. Tsinken ya tafi, ya tafi, ya tsaya. Bai waiwaya wajen kusurwar gida ba. Ya danna.

Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba. Abu ya zubo masa a hannu, ya buɗe yatsu kaɗan ya duba. Garin jar ƙasa, da korayen tsutsotsi 'yan kaɗan a sanƙame, da wani fari mai ƙiba kamar ƙwayar wake, yana lanƙwashewa yana miƙewa. Ya dunƙule hannun.

"Fanko ne!" ya ce da ƙarfi, yadda za a ji har bayan gida. "Mai gidan ya riga ya tashi. Ta ciki ya huda ya fita, shi ya sa ba mu gani ba. Ƙasa ce kawai."

Hamadiko, wanda kansa yake dab da hannun, ya dubi Jawyang ido cikin ido. Sai ya fizge tsinken.

"Kawo nan, tsoho, hannunka rawa yake yi. Ka ga ɗan haya, ya gudu bai yi sallama ba! Duk haka suke."

Ya ɗaura tsumma a kan tsinken ya tsoma a kananzir, ya zura ya fitar, ya sauya tsumma, ya sake, har ya fito fari. Ya bi da mai kaɗan, ya harhaɗa ta, ya miƙa wa Madam. Ta ɗaga ta leƙa. Hasken yamma ya ratso ta ciki ya sauka a kan tabaranta.

"Ka toshe bakin daga yau," ta ce. "Kuma ka je a duba ƙafar nan, tana wari."

"To, Madam."

Ya sara mata da dama, hagun tana dunƙule a jikin cinyarsa. Ta kalli hannun, ta kalle shi, ta shiga mota.

Odil ta saki bangon. Ta yi wata irin dariya mai haɗe da haki, ta goge ido da bakin zane. "Ban gaya muku ba? Kun hana kowa sakat tun safe saboda ɗakin da ba kowa. Mama, tuwon nan yana nan? Yunwa nake ji kamar in ci turmi."

"Yana cikin kwando. Ɗumama miyar."

Ta shige madafa. Hamadiko ya rataye bindigogin, ya ciro wankakken tsumman daga igiya ya cusa a bakin ta Jawyang, ya ɗauki butarsa ya ce zai yi salla, ya tafi can nesa fiye da inda ya saba.

Jawyang ya zagaya bayan gida yana ɗingishi, ya zauna a kan dutse. Abin yana motsi a tafinsa, kaɗan-kaɗan, kamar bugun jijiya. Bai san inda zai kai shi ba. Bai daɗe ba ya ji takun Maipa. Ta tsaya a kansa, ba ta ce masa ya yi ƙarya ba, ba ta kuma tambaye shi kome ba. A hannunta akwai ɗanyar laka da ta kwalfo daga gindin randa.

Ta tsuguna. "Buɗe."

Ya buɗe. Ta kalla.

"Kada ka zubar da korayen, abincinsa ne."

Ta gutsuri lakar ta mulmula, ta huda ta da ɗan yatsa ta yi rami kamar na ƙaramar tukunya, ta shafe cikin da yawu. Ta tsinke kara ta fara ɗaukar tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ciki. Daga madafa ana jin Odil tana kankare tukunya tana waƙa.

"Zai rayu?" in ji Jawyang.

"Ina zan sani? Ban taɓa yi ba." Ta kai karan kusa da farin, ta dakata. "Karkato hannun nan. Kana tare mini haske."